Malamin Malam Isah

Shekara arba'in da ɗaya Malam Isah ya yi yana ɗori a Kwatarkwashi, babu wanda ya taɓa tambayarsa inda ya koya, sai ranar da ya je Gusau yin rajista. An sanar cewa duk mai maganin gargajiyar da wata ya ƙare ba shi da takardar shaida, za a garƙame masa wurin aiki. A lokacin majinyata shida ne kwance a zaurensa.

A ofishin ya tarar da masu tallar maganin basir da lasifika a tasha, kowa rungume da fayil, ana ta kiran juna Dakta. Ma'aikaciyar da ke cike fom, Hafsat, ta rubuta sunansa da garinsu, sai ta tsaya a layi na bakwai, inda ake son sunan malamin da ya koyar da mutum da sa hannunsa. Ya ce mahaifinsa ne, kuma ya daɗe da rasuwa. Ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce ko da yana raye, sai malami mai rajista ake karɓa. Ta bi jerin sunayen da ɗan yatsa. A fannin ɗori mutum guda ne: Dakta Kamilu, mai makaranta a Tsafe.

Malam Isah ya sa ta maimaita sunan.

Wata tara Kamilu ya yi a hannunsa yana koyo. Wata ranar kasuwa da Malam ba ya gida aka kawo wani manomi, Shu'aibu, ya faɗo daga amalanke ya karya hannu. Kamilu ya jera kara ya tamke kamar mai ɗaure dami. Kwana uku yatsun suka yi baƙi, a asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Ranar Malam ya kore shi.

Washegarin zuwansa Gusau, Malam Isah ya hau motar Tsafe. Makarantar shago biyu ce, allon sunanta ya fi ƙofar faɗi, ga hoton Kamilu da farar riga, ya rataya abin awon ƙirji a wuya. Kamilun ya gaishe shi daga zaune, yana ta Baba, Baba. Ya ce shi kam ba ya riƙo, amma ƙa'ida ta hana shi sa wa kowa hannu sai ya ga aikinsa da idonsa. Aka shiga aji. Ɗalibai goma sha huɗu, wasu har da furfura, sun buɗe littattafai. Aka ajiye hannun itace a kan tebur, wanda da gani masassaƙin turmi ne ya yi shi.

Malam Isah ya naɗe hannun riga. Ya jera karan, ya zagaya ƙyalle, ya zura ɗan yatsa a ƙarƙashi don ya bar wa kumburi wuri, kamar yadda ya yi sau dubbai.

Kamilu ya ɗaga hannun ya girgiza. "Ya yi sako-sako, Baba. A littafinmu, ɗaurin da ke motsi ba ɗauri ba ne."

"Wa ya rubuta littahin?"

"Ni."

Malam ya dube shi tun daga hula har takalmi, bai ga abin da ya ƙaru ba sai tumbi. Ya tuna majinyatan nan shida, musamman dattijuwar Bungudu mai karayar cinya, wadda sai ta ƙara sati biyar kafin ta taka. In aka rufe zaurensa, 'yan'uwansu za su tambayi inda mai rajista yake, kuma nan za a nuna musu.

Ya kwance ƙyallen, ya sake ɗaurawa, ya ja har karan ya yi ƙara. Alƙaluma goma sha huɗu suka duƙufa.

"Wanga itace ne," in ji shi, yana kallon ɗaliban. "Ba ya kumburi."

Kamilu ya yi dariya, ya ce Baba har yanzu bai bar barkwanci ba. Babu wanda ya rubuta wannan. Ya zaro biro daga aljihun farar rigar, ya yi sa hannu mai lanƙwasa uku da jela.

A Gusau Hafsat ta buga hatimi. Da ta lura ba ya karatun boko, sai ta karanta masa takardar a hankali: an tabbatar Malam Isah ya samu horo a ƙarƙashin Dakta Kamilu, kuma an same shi da ƙwarewa. Ta ce a liƙa ta inda kowane majinyaci zai gani. Ya tambaye ta mutum nawa makarantar ke yayewa. Ta ce talatin duk shekara, kuma su ba sa bin layi, fom ɗinsu a cike yake zuwa.

Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a aljihu, ya nufi tasha. Ranar ce ranar sassauta wa dattijuwar ɗauri, kuma la'asar ta kusa.