Ƙasar da Ta Ƙi Shan Ruwa

Pak Sahdan bai taɓa riƙe sandar golf ba a rayuwarsa, amma shi ya kafe sai an sa filin golf cikin wuraren da za su ziyarta a tsibirin Lombok. Kwana uku suna yawo da matarsa, Bu Endang (a can Pak da Bu kamar Malam da Malama ne). Sun ga bakin teku, sun ga masaƙa, sun ci kaza mai yaji har ta yi ta zubar da hawaye tana tsine wa barkonon garin mijin nata. A rana ta huɗu ya sayi hula da farin takalmi, ya ce yau wasa zai yi.

"Mas, kai da ko tsintsiya ba ka iya riƙewa?" in ji ta, don Mas take kiransa, wato maigida. "Tsufa ne ya zo maka da sabon salo?"

Ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙori. Ba wasa ya kawo shi ba. Filin nan da ake tahowa daga ƙasashe don a gani, a kan ƙauyensu aka shimfiɗa shi. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, takarda ta same shi a Jakarta cewa za a tashi ƙauyen, kowa ya zo ya tono mamatansa ya kai su sabuwar maƙabarta a kan tudu. Uwarsa na cikin mamatan, kuma shi kaɗai ta haifa. A lokacin yana jiran ƙarin girma a ofis, ya ce sai wata mai zuwa, watan ya zo ya wuce. Da Bu Endang ta tambaya, ya ce mata an mayar da tsohuwa, komai ya tafi daidai. Tun ranar yake ɗauke da wannan ƙarya. Yanzu da gwiwa ta fara ciwo, likita ya fara yi masa magana a hankali, so yake ya san inda uwarsa take kwance, ya zuba mata ruwa a kabari da hannunsa ko sau ɗaya.

Aka haɗa su da mai rakiya, wata mace gajera, baƙa, da ta rufe fuska da ƙyalle saboda rana. Ana ce mata Inaq Senah, wato uwar Senah a yarensu. Ta ɗora jakar sanduna a bayan ƙaramar motar filin, ta dubi yadda ya riƙe sanda, ta dubi sama.

"Pak, ƙwallon za ka buga, ba maciji za ka kashe ba."

Bu Endang ta ƙyalƙyale da dariya, nan take suka ƙulla. Rami bayan rami suna tafe suna yi masa tsiya, shi kuwa idonsa na kan tuddai. Bai gane komai ba. An sare, an cike, an baje, an shuka ciyawa mai laushi kamar darduma. Inda yake zaton rijiyarsu take, yashi ne fari tas. Inda yake zaton masallaci, wasu baƙi ne ke ɗaukar hoto. Mutum ya zo garinsu ya rasa gabas, wannan abin kunya ne, kuma ya ji kunyar.

Bayan la'asar suka iso rami na goma sha ɗaya. Hanyar ta gangara tsakanin tudu biyu, sai ƙarar teku ta ɗauke ɗif, kamar an rufe ƙofa. Babu tsuntsu, babu iska. Famfunan ban-ruwa ne kawai ke juyawa suna fesa ciyawa, su ma ba a jin sautinsu sosai. Inaq Senah ta daina wasa. Ta sauke ƙyallen fuskarta, ta rage gudun motar.

Ya buga. Ƙwallon ya karkace dama, ya faɗa gindin wata bishiyar kamboja, mai farin furen nan da ake dasawa a maƙabarta. Ya nufi wurin da sanda a hannu.

"Pak, tsaya. Ba a bugawa daga nan."

Inaq Senah ta zaro gorar ruwa daga ƙarƙashin kujera, ta wuce gabansa, ta tuɓe takalmi. A gindin bishiyar akwai wani fili busasshe, ja, ya tsattsage, tsawonsa bai wuce na mutum a kwance ba. Kewaye da shi ciyawa ce kore shar, jiƙe da ruwa. Famfo na juyowa yana fesa masa ruwa kamar ko'ina, amma ɗigon sai ya tsaya a kai ƙwal-ƙwal, ya gangare gefe. Ƙwallon na zaune a tsakiya.

Ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta ce, "Inaq, mun zo wucewa, a yi mana haƙuri." Ta ɗauke ƙwallon da hannu biyu, ta tsiyaya ruwa daga kai zuwa ƙafa. Ruwan ya gangare, bai bar ko danshi ba.

Bu Endang ta sauko daga mota tana riƙe da hularta. "Kabari ne?"

"Kabari ne, Bu. Duk ƙauyen an kwashe, ita kaɗai aka bari. Ba wanda ya zo mata."

"Kamfanin bai san da ita ba?"

"Ya sani mana. Sau huɗu suna shimfiɗa ciyawa, kwana bakwai ta ƙone. Suka kawo motar haƙa, mijina na cikin masu aikin. Sun yi zurfin mutum biyu, ko ƙashi ɗaya ba su gani ba. Suka cike da sabuwar ƙasa daga wani wuri, sati bai cika ba ta koma haka." Ta rufe gorar. "Wani manaja ya ce a zuba siminti. Da ya zo dubawa da kansa, ya tsaya inda Pak yake tsaye, sai ya ji ana bakacen shinkafa a bayansa. Bai ƙara maganar siminti ba."

Pak Sahdan ya dubi tudun hagu, ya dubi na dama, sai ƙasar ta juyo masa daidai. Nan ne. Ga inda hanyar shanu ta bi, ga inda ya tsaya da ƙafa ba takalmi ranar da aka binne uwarsa, yana ɗan shekara ashirin da biyu, jakarsa ta tafiya Jakarta tuni a ɗaure.

"To me ya sa kuke zuba ruwan, tunda ba ya shiga?" in ji Bu Endang.

"Kunya, Bu. A wuce tsohuwa da ƙishi ba a ko gwada ba? Mu arba'in ne masu rakiya a nan, kowa da gorarta. Ta san muna yi, ba namu take so ba. Iyayenmu sun ce ɗa ɗaya gare ta, ya tafi tsibirin Jawa ya zama babban mutum." Ta taɓe baki. "Babban mutum! Allah ya raba mu da irin wannan girma."

"Ba a san sunanta ba?"

"Sunan yanka ya tafi da waɗanda suka san shi. Mu nan da sunan ɗan fari ake kiran mace. Inaq Sahdan ake ce mata."

Bu Endang ba ta ko juyo ta dube shi ba, kuma wannan ya fi masa zafi fiye da a ce ta kwashe shi da mari. Shekara talatin da ɗaya tana sa sunan surukarta a addu'a, tana zaton tana kan tudu cikin 'yan'uwanta. Ta sa hannu ta karɓi gorar daga hannun Inaq Senah, ta miƙa masa ta gefe.

"Mas, zuba."

"Bari ya gwada," in ji Inaq Senah. "Baƙi da yawa suna gwadawa. Wani har hoto ya ɗauka."

Ya tuɓe farin takalmin. Ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara. Ƙasar na da zafi kamar bakin murhu, ga wani ƙamshin hayaƙin ɓawon kwakwa yana tasowa, irin na madafarsu, alhali babu mai hura wuta a duk faɗin filin. Tsoro ya kama shi, ga kuma wata irin kewa. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya yi magana yadda matan ba za su ji ba.

"Inaq, ni ne. Na zo."

Ya tsiyaya a hankali, daga kai. Ruwan ya taru wuri ɗaya, yana rawa, ya tsaya. Ruwan ya daɗe a tsaye, har Inaq Senah ta matso taku ɗaya tana leƙe, bakinta a buɗe. Pak Sahdan ya riƙe numfashi. Sai ruwan ya motsa, ya taho gefensa, ya bi ta tsakanin gwiwoyinsa ya shige ciyawa. Ya ƙara zubawa. Ya juye gorar duka, ya girgiza ta, ya shafa ƙasar da tafin hannu. Ƙura ce ta biyo hannun.

Inaq Senah ta sauke ajiyar zuciya, ta karɓi gorar, ta mayar da ƙyallenta. Ganin dattijo durƙushe yana kallon tafin hannunsa, sai tausayinsa ya kama ta.

"Kada ka sa a ranka, Pak, tashi," ta ce. "Haka take yi wa kowane baƙo. Ɗanta take jira."