Sababbin Hannuwan Goɗiya

Wankan jego ne ya kai ni Amurka. Autata Hafsatu ta haihu a wani gari wai shi Greensboro, inda mijinta ke karatu, aka aiko da tikiti, aka ɗora ni a jirgi kamar ƙullin daddawa. Mijin nata sunansa Jafaru. Na faɗa sau ɗaya don ku san da wa ake, ba za ku ƙara ji a bakina ba, suruki ne. Shekarar kuwa Hafsatu ta ce tamanin da bakwai ce. Ni dai sanyinta na riƙe.

Gidan da suke haya ba a cikin gari yake ba, can kudu ne, Pleasant Garden, inda kowane gida ke da fili kamar gandu, amma ba a shuka komai sai ciyawa, ita ma kullum ana aske ta. Ba mai tafiya a ƙasa. In ka ga mutum yana taka sayyada, to motarsa ce ta mutu.

Ni da shi, in aka wuce gaisuwa, ba ma magana kai tsaye. Zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina duban bango. In yana son ya ji ko na ƙoshi sai ya ce, "Hafsatu, tambayi Inna ko a ƙaro." Ni kuma, ga ni ga shi, sai in ce, "Gaya masa Allah ya yi albarka." Hafsatu ta ce mun mai da ita wayar tarho, saura mu fara jefa mata kwabbai.

Injin wanki a gareji yake, can nake zuwa kwaso tsummokin jaririya. A can na tarar da abin. Babur ne ba babur ba, ba taya ko ɗaya. A gaba wasu dogayen takalman ƙarfe biyu, a baya bel mai haƙora irin na katafila. Wai a kan dusar ƙanƙara kaɗai yake gudu. Daga Michigan ya jawo shi, inda ya fara karatu. A can ya daki kututture da shi, hannun ƙarfen da ke riƙe takalmin hagu ya lanƙwashe, abin ya karkace gefe guda kamar dabbar da ta gurɗe. Na sa masa suna Goɗiya, a raina.

Ranar suna, wani abokinsa Surajo ya leƙa garejin da farantin shinkafa a hannu.

"Injiniya, ashe wannan gawar ba a binne ta ba? A garin da ƙanƙara ke sauka da hantsi, kafin azahar ta gudu?"

"Za ta zo," in ji surukina.

"In ta zo ka buga mini waya, in taho da cokali in tara maka."

A bangon garejin akwai hoto. Wani mutum a kan irin Goɗiya, ko'ina fari fat, ba hanya, ba gefen hanya, ba sama ba ƙasa. Kullum na je kwasar wanki sai na tsaya a gabansa har tsummokin su huce a hannuna. In na idar da azahar na kishingiɗa, sai in gan ni a ciki. Kamar an shanya garin tuwon duniya duka a tabarma ɗaya, ni kuma ina ratsawa, ba abin da ke taɓa ni, ba ƙura, ba mai cewa Inna gyara zama.

Wata rana ina dama wa Hafsatu kunun kanwa na ce, "Wannan abin na gareji, mutum nawa yake ɗauka?"

"Biyu. Amma na baya sai ya rungume ƙugun na gaba tamau, in ba haka ba ya zube."

"To, ya sha zamansa."

Ta dube ni ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. "Inna, ba dai hawa kike so ba?"

"Tambaya na yi. Sha kununki."

Amma so nake. Ina so ƙwarai. Ga shi da an yi arba'in zan koma Ɗambatta, inda ƙanƙara sai a leda. Mai tuƙin kuma mutum ɗaya ne a duniya, kuma gara a ce na faɗa rijiya da a ce na rungume ƙugun surukina.

Ana nan sai wata motar kaya ta ajiye kwali a bakin ƙofa. Surukin nawa ya buɗe a tsakar falo, ya fito da wasu ƙarafa jajaye masu baki biyu kamar gwafa. Ya shiga yi wa Hafsatu bayani da murya sama, ita kuwa ko kallo ba ta yi, tana ba da nono. Wai waɗannan ba na kamfanin da ya ƙera Goɗiya ba ne, na wasu maƙera ne daban can arewa. Sun ɗan fi na asalin tsawo, saboda haka takalman za su ƙara buɗewa, ba za ta riƙa saurin kifewa ba.

"Ko ɗan koyo ya hau ba zai faɗi ba," ya ce.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Hafsatu.

Ni ina tsince shinkafa. Shinkafar can ba ta da tsakuwa, amma na tsince ta sarai.

Ranar Asabar da la'asar ya shiga aikin. Ni ma wanki ya yi mini yawa a ranar, ban san yadda aka yi ba. Ya ɗaga gaban Goɗiya da jak, ya tokare da bulo. Ya cire takalman, ya cire shokozoba, ya zo kan tsohon hannun, noti ɗaya ya ce ba inda za shi. Ya zuba masa mai, ya roƙe shi, ya zage shi da Turanci, sannan ya tuna ina wurin ya yi istigfari. Da notin ya fita, ya ajiye lanƙwasasshen hannun a gefe, ya shafe ramukan sababbin da giris kamar mai yi wa jariri shafa, ya zura, ya ɗaura dama da hagu, amma bai matse ba. Ya mai da takalman ya sauke ta ƙasa. Ta tsaya cak a kan ƙafafunta, ta buɗe ƙirji, karkatar ta tafi.

Daga nan sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ashe ba a matse notin ƙarshe sai da mutum zaune a kai, don ƙarafan su kwanta yadda za su yi tafiya. Surajo ne ya ce zai zo ya zauna, aka riƙe shi a sito ɗin da yake aiki a titin Wendover. Hafsatu kuwa mai jego ce, ko ƙofar garejin ban yarda ta leƙa ba. Ya kinkimo buhun shinkafa ya aza, buhun ya sulale ya faɗi. Ya sake azawa, ya sake sulalewa.

Ba Hafsatu a tsakani. Sai ya dafa kan Goɗiya ya ce da ita, "Ke kuma kin dage sai an zauna a kanki, ga shi ba kowa."

Na ci gaba da ninke tsumma. Na ce, "Goɗiya, tambaye shi, nauyin tsohuwa zai yi?"

Na ji yana haɗiye dariya.

"Goɗiya," ya ce, "ki ce zai yi, in ba a takura ba. Sai dai ba zaman ɗori kike so ba, sai an raba ƙafa an kama kan a miƙe."

Na shiga ciki na zura wandon Hafsatu a ƙarƙashin zani. Da na dawo ya ba ni baya yana karatun gwangwanin giris har na daidaita. Na kama kan. Sanyin robar ya ratsa tafina.

Ya kwanta a siminti da zare a hannu. Ya auna tsakanin takalman ta gaba, ya auna ta baya. Wai gaban ya kamata ya ɗan fi baya buɗewa kaɗan, kamar tsayuwar agwagwa, in ba haka ba ta riƙa fizge-fizge a hanya. Ya murza wani siririn ƙarfe, ya sake aunawa.

"Goɗiya, da za a ɗan yi sukuwa a kanki."

Na yi. Gaban ko motsi.

"Ashe ba ki ji komai ba," ya ce da ita. "Bari a sassauta miki sifirin."

"Goɗiya, gaya masa abincin garinsu ne ba ya kama jiki."

Ya sassauta, na sake sukuwa, sai na ji ta amsa. Ta nutsa ta taso a hankali, kamar kwalekwale a bakin gaɓa. Na lumshe ido. Sifana tana ƙas ƙas a ƙasa, tana nisa, tana nisa. Bangon ya buɗe, hoton ya zubo cikin garejin, farin ya malalo ta ƙarƙashin takalman ya wuce ta bayana. Tun da uwata ta goya ni, ɗaukata ake yi. A jaki, a akori-kura, a jirgi, kullum ƙeyar wani nake kallo. A nan ba ƙeya a gabana.

Can na jiyo shi yana cewa, "Ke Goɗiya, wannan na babban yatsan dama shi ne totur, a hankali kike so a danna. Na hagu burki. Na faɗa ne kawai don kar ki manta."

"Ta ji," na ce.

Daga nan sai jira. Aka yi ruwa, aka yi rana, aka sake ruwa. Ganyen darbejiyar da na taho da shi ya kusa ƙarewa, Hafsatu ta yi jawur, jaririya ta fara bin mutum da ido. Aka fito da akwatina aka fara cusa atamfofi da man zafi na tsaraba. Surajo ya bugo waya yana tambaya ko ya taho da cokalin. Na daina tsayawa gaban hoton. Na ce da kaina, Kubura, kin zauna a kanta, kin kama kai, ya ishe ki.

Saura kwana kaɗan in tafi, wata safiya na farka na ji duniya ta yi shiru. Ba ƙarar mota ko ɗaya. Na ɗaga labule. Filin nan na ciyawa babu shi, titi babu shi, motarsu ta zama tudu. Abin yana ta saukowa, ba gaggawa, kamar ana shiƙar auduga daga sama.

Bayan karin kumallo ya turo Goɗiya waje, ya ja igiyarta, ta yi tari ta kama. Na saka rigar sanyin Hafsatu na fita baranda, wai shan iska. Ya zaga filin, ya je har bakin itatuwan can ƙarshe, ya dawo ya tsaya daidai matakala ya kashe. Ya sauka yana girgiza kai.

"Goɗiya, ba ki yi mini daidai ba. Sai nutsewa kike da ni. Da nauyin wani aka auna ki, ba za ki tafi da kyau ba sai da mai nauyin."

Ni na ga tafiyar da idona, lafiyarta ƙalau. Amma ba a ƙaryata suruki.

Hafsatu ta buɗe taga, jaririya a kafaɗa. "Kai! Inna! Wallahi kar ki soma! In kika karye me zan ce da su Yaya?"

"Ki ce a bakin aiki na karye. Rufe tagar nan, ɗanyen jiki gare ki."

Akwai wata 'yar igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, in mutum ya faɗi ta fizge, injin ya mutu. Bai miƙo mini ba. Ya ajiye ta a kan kujera tare da hular kwano, ya juya yana duban sama. Na ɗaura, na kifa hular a kan ɗankwali, na hau. Ya ja igiyar tayarwa ya matsa gefe. Na yi bisimilla na danna.

Da fari ta zabura, haƙorana suka haɗu. Na sassauta yatsa, sai ta lafa, ta shiga zamewa. Ban san yadda zan gaya muku ba. Ba gudu ba ne, ba tashi ba ne. Farin yana tahowa yana rabewa biyu. Ƙanƙarar tana sauka a fuskata tana narkewa, ina lasa, ba ta da ɗanɗanon komai. Akwai wani kwari a tsakiyar filin da dusar ta rufe. Ina kallo jan hannun hagu ya lanƙwasa ya miƙe, na dama ya bi shi, kamar gwiwoyin raƙumi, ni kuwa ko gezau. Na tuna uwata, na tuna wata rana da na saki hannunta a kasuwa na ruga, ban san ina za ni ba. Ƙarar injin ma na daina jinta. Na ƙara dannawa kaɗan.

Sai ga itatuwa sun taso a gabana, baƙaƙe, dogaye. Nan na tuna an gaya wa Goɗiya totur, an gaya mata burki, ba wanda ya gaya mata kwana. Na saki yatsa, na damƙe na hagu, na fizge igiyar hannuna gaba ɗaya. Ta tsaya, bakin takalmanta na shinshinar wani reshe.

Shiru ya dawo. Na waiga. Layi biyu ne suka taho tun daga gidan har inda nake, nawa ni kaɗai. A gefensu ga shi nan yana tahowa da gudu, yana nutsewa har gwiwa, ya faɗi ya tashi, hularsa ta tafi. Ya iso ya zube a gabana yana haki, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

"Inna! Inna, lafiya? Ba ki ji ciwo ba?"

Na kau da kai. Na share dusar da ta taru a kan Goɗiya da gefen mayafina.

"Goɗiya," na ce, "gaya masa ya juya ki. Ba mu gama ba."