Mai Laifi a Dangin Glenys

Glenys Triffitt tana cikin yanka kek aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba Barrie ɗan kawunta ba ne, don ga ƙarar injinsa can bayan gida yana yanke mata ciyawa, kamar kowace Alhamis tun rasuwar mijinta.

Wata doguwar 'yar sanda ce, Sajan Rattray.

"Misis Triffitt, ke kika aika yawunki gwajin asali na DNA bara?"

Glenys ta dafe ƙirji don murna. Shekara talatin tana neman fursuna a danginta. A ƙungiyarsu ta tarihin iyali nan Tasmania, wanda ba a kawo kakansa a ɗaure daga Ingila ba, ba shi da bakin magana. Noeline, wata 'yar ƙungiyar mai bakin tsiya, ɓarayin tumaki har biyu gare ta. Ita kuwa Glenys duk inda ta tona, sai limaman coci da masu ɗinkin takalmi. Abin kunya.

"An samo min? Me ya sata?"

"Kisa ne," in ji Sajan. "Wata yarinya mai tsinkar tuffa a kwarin Huon, a 1983. Jinin da aka samu a rigarta na wani namiji ne da kuke kaka ɗaya. Kina da tsarin zuriyarku a rubuce?"

Tana da shi? Kwali goma sha ɗaya! 'Ya'yanta da sun ga ta nufi kwalayen sai su tuna suna da uzuri. Yau ga wadda ta zo da ƙafarta. Glenys ta zaunar da ita, ta tura mata kek, ta baza takardu har ƙasa.

"Jikoki maza tara ne. Colin yana soja lokacin. Neville kuwa, wannan ko kaza ta kore shi sai ya hau tebur. Ci kek mana, 'yar nan, kin bushe. Tagwayen Anti Mavis suna Perth. Ba wanda ya taɓa leƙa Huon, sai Barrie da ya yi kakar girbi ɗaya a can yana tsinkar..."

A bayan gida injin ya mutu.

"Ni tsoho nake so," ta ce a hankali. "Na shekara ɗari biyu. Mai satar tumaki."

Sajan ta rufe littafinta. "Ba mu tabbatar ba tukuna. Sai mun gwada abin da bakinsa ya taɓa."

"Glen!" Barrie ya leƙo ta taga yana share zufa. "Yau ba shayi ne, ko an kore ni daga aiki?"

Ta zuba masa, sukari cokali biyu yadda yake so. Ya shanye a tsaye, ya yaba kek, ya koma kan ciyawarsa.

Glenys ba ta taɓa barin kofi ya yi minti ɗaya ba a wanke ba. Ta daɗe tana kallon wannan, sannan ta tura shi gaban Sajan.