Daga Ƙaramar Gona Ake Farawa

A wani ƙauye kusa da Simsim akwai jam'iyyar manoma, wato ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda ta girmi yawancin 'ya'yanta. Waɗanda suka kafa ta jikokin mahajjata ne da suka yada zango a ƙasar Gadarif ta Sudan kan hanyar Makka, noma ya riƙe su. Shekara da shekaru suna kallon taraktocin masu manyan gonaki suna wuce su, har wata kaka da riɗi ya yi kyau Malam Wada ya tara su, kowa ya kawo abin da ya samu, suka sayi tasu.

Doka ɗaya suka kafa a ranar: tarakta daga ƙaramar gona take farawa. Dalilin kuwa irin ƙasar wurin ce. Baƙar lakar nan in ta sha ruwan farko mai ƙarfi, babu ƙarfen da ke shiga cikinta. Mai babbar gona in ruwa ya riga shi, wani yanki zai rasa. Mai ƙarama kuwa shekarar ce gaba ɗaya ta tafi.

Hajar, 'yar Malam Wada, tana yarinya aka kafa dokar. Yanzu ta manyanta, mijinta ya rasu, kuma tata ce mafi ƙanƙantar gona a jam'iyya. Tun da yaƙi ya koro ƙanwarta da 'ya'ya daga Khartum, wannan 'yar gonar ce ke ciyar da gida biyu.

A wannan daminar man tarakta ya yi wuya, wanda aka samo ba zai zaga kowa ba. Munir, sabon shugaban jam'iyya, ya tara mutane ya ce bana za a fara da manyan gonaki, don a can ne man zai fi haifar da dawa, ga baƙin da yaƙi ya koro cike da gari suna jiran abinci. Ya yi alkawarin in kaka ta yi za a ɗiba wa ƙananan manoma. Tasa gonar tana cikin manyan, amma ba don kansa kaɗai ya faɗa ba, Hajar ma ta san haka. Maza suka sunkuyar da kai, aka watse.

Washegari hadari ya fara haɗuwa ta gabas, wajen Basunda. Khalid direba ya zo rumfar tarakta ya tarar da Hajar ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, daidai gaban tayoyi, tana tsince tsakuwa daga irin dawarta. Ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ba ta matsa ba. Kafin a kira Munir, Sabuwa da Asha, su ma masu ƙananan gonaki, sun zo da nasu faifan sun zauna.

Munir ya durƙusa yana kiran ta Hala, wato inna da Larabcin yankin, ya sake yi mata bayani a hankali, ya kuma maimaita alkawarin kaka.

"Na ji ka, ɗana," in ji ta. "To in ka ɗiba mini a buhunka, me na zama? Ni ba mai karɓar sadaka ba ce a nan. Ubana jakinsa ya sayar aka sayi tarakta ta farko, a ƙafa ya riƙa zuwa kasuwa."

"Hala, wannan tarakta ai ba waccan ba ce."

"Da guminmu aka canza ta. In dai dokar kake so ka canza, tara mu duka, har mata, mu ɗaga hannu. Amma ba ranar da hadari ya taso ba."

Sabuwa ta ce wa Khalid in yana sauri ya bi ta kansu, tayoyin ma su huta da ƙaya. Mutanen da suka taru suka yi dariya, kuma cikin mazan da suka yi shiru jiya babu wanda ya ce matan su tashi. Munir ya dubi sama, ya dubi fuskokin, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya ce wa Khalid ya fara da gonar Hala Hajar.

Sai a lokacin ta naɗe tabarmarta.

Aka bi gonaki daga ƙarama zuwa babba. Ana cikin gonar Munir, ba a kai rabi ba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, da ƙyar aka fitar da tarakta daga laka. Ya koma gida.

Da ƙasa ta ɗan tsane, ya fita duba ɓarnar. Tun daga nesa ya hango mutane a jere a yankin da garma ba ta taɓa ba, kowa da sungumi, mata na biye suna zuba iri. Hajar ce a farkon layi, laka har ƙauri.

Ya fara yi mata godiya, ta katse shi.

"Ba alheri na yi maka ba. Ɗaya rabin dokar ke nan, wanda tarakta ba ta kai gare shi ba, hannu ya kai. Ɗauki sungumi, layin can babu kowa."

Munir ya tuɓe takalmansa ya shiga.