Ɗakin Fumfuna

Yayana mai walda ne, kuma tun rasuwar Baba idonsa yake kan ɗakin bayan gida, wai zai zuba ƙarafunansa. Ni kuwa a nan nake aikina. Ina kwaso ɓawon lemu da na abarba daga wurin masu kayan marmari, in shanya, in niƙa, in jiƙa a farantan roba, sannan in barbaɗa irin wata baƙar fumfuna. Ita take cinye zaƙin ɓawon ta mayar da shi tsami. In na matse na tace, shi ne sinadarin da masu alewa da lemon kwalba suke nema.

A wurin Yaya dai bola nake tarawa. Kullum ya wuce sai ya toshe hanci, ya tambayi Mama ko don ruɓar da shara aka kai 'yarta makaranta. Ni ma ba na raga masa. Na ce wanda ƙarar guduma ta kashe wa kunne bai kamata hancinsa ya cika iyayi ba.

Da rigimar ta ishi Mama sai ta yanke hukunci. Akwai wani mai alewa da ya ce in kawo ya gwada. In ya karɓa, ɗaki nawa ne. In ya ƙi, in kwashe tarkacena.

Ranar da na zuba sabon haɗi, Yaya ya jingina da ƙofa yana yi wa farantaina ba'a, wai ko kwanon ƙarfe na gagara saya. Bakina da ba ya shiru na ce, "Kai ƙarfe kawai ka sani. Fumfunar nan in ta ji ƙarfe ƙiba take yi, ta daina ba da tsami. Tsatsa kaɗan ta isa." Ya yi tsaki ya wuce, yadda ya saba in ina magana.

Da lokacin matsa ya yi, na tarar fumfuna ta yi kyan da ban taɓa gani ba, baƙa ƙirin, da kauri kamar bargo. Na matse na ɗanɗana, lami. Na tura hannu ƙarƙashin ɓawon, sai ga ƙusoshi masu tsatsa, kowane faranti da rabonsa.

Na same shi yana cin abinci kusa da Mama, na watsa ƙusoshin a gabansa. Mama ta kau da kai, ta ce ita ba ta san zancen ƙusa ba, abin da aka yi alkawari kawai ta sani. Yaya ko hannu bai cire daga kwano ba.

"Ashe dai gaskiya kika faɗa, ƙanwata," in ji shi.

Da kaina na kwashe farantan, ina kuka don takaici. Ɗakin ya yi mini ciwo, amma ba shi ya fi ƙona ni ba. Tun da nake da Yaya, wannan ce maganata ta farko da ya saurara.