Shekara Biyun da Za a Cire

"Shekara biyu ce fa kawai! Ba kanta aka ce a cire ba."

"Yaya, rage murya. Mutane na kallonmu."

"Su kalla mana. Su za su ba ta aji?"

A barandar ofishin rajistar makaranta suke tsaye, ita da yayanta direba. 'Yarta na kan benci, ta rungume jakar takardu, ƙafafunta ko ƙasa ba su kai ba. Agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. Ƙarfe biyu za a rufe rajista, sai kuma baɗi.

Wata uku ke nan da dawowarsu daga ƙasar da ta yi zaman aure da zaman takaba, ta kuma riƙe kanta da keken ɗinki. A can sai yaro ya cika bakwai ake kai shi makaranta, firamare kuma shekara bakwai ce. A nan da shida ake shiga, a fita da sha biyu. Yarinyar ba ta taɓa maimaita aji ba, lissafi kuwa ita ke koya wa 'yan ajinsu. Amma shekararta sha huɗu. Ɗazu magatakarda ya ɗora yatsa a kan layin dokar: wanda ya haura sha biyu ba ya shiga ajin farko na sakandare. Aji na gaba kuma ba a sa wanda bai yi na farkon ba.

Daga nan ya sassauta murya, ya turo fom. Uwa ta sa hannu cewa takardar haihuwa ta ɓace a hanya, ta rubuta shekarar da ta dace, shi bai ga komai ba.

"Dube ta," in ji Yaya, "'yar firit da ita. Ko goma kika ce, wa zai musa? Ni ban san shekaruna ba, ga shi ina tuƙa tirela lafiya lau."

"Takardar ba ta ɓace ba. Ga ta a jaka."

"To ta ɓace yau."

Ta san takardar kamar tafin hannunta. A ƙasan takardar akwai sa hannun marigayi mijinta, a karkace, domin daga wurin gini ya ruga asibiti da siminti a yatsunsa.

"Yaya, ka ƙirga. Watanta huɗu ubanta ya faɗo daga benen nan. Takardar rasuwarsa na cikin fayil, da ita aka ba ta gurbin marayu. In na cire shekara biyu, wata ashirin bayan mutuwarsa na haife ta ke nan."

Ya sosa ƙeya da makullin mota.

"Wa zai zauna yana haɗa takardu biyu? Ke dai akwai ki da neman magana."

"Takarda ba ta mutuwa. Ita za ta bi ta har wurin aiki, har wurin aure."

"To mayar da ita gida! Ki ba ta almakashi ta riƙa yanke miki zare. Baɗi sha biyar gare ta, sai ki cire uku."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta dubi 'yarta. Tun da asuba yarinyar ta goge takalminta, ta fere fensir biyu.

Magatakarda ya leƙo ta taga. "Baiwar Allah, saura minti goma. In lissafin ne ya dame ki, zare takardar rasuwar, ki bar layin uba babu komai. Ana yi."

Ta shiga. Ɗakin na warin tsohuwar takarda, fanka na juyawa ba iska. Ta karɓi biron da aka ɗaure da igiya a jikin teburi. Ta rubuta rana. Ta rubuta wata. Ta rubuta shekarar, sabuwar. Yaya ya sauke numfashi a bayanta.

Biron ya gangaro layi na gaba, inda aka ce sunan uba, ya tsaya.

Ba ta ji shigowar yarinyar ba, sai ɗumin kafaɗarta a gwiwar hannunta. Idon yarinyar na kan lambobin, leɓɓanta na motsi a hankali yadda take yi in tana ɗebewa da ka. Ta gama. Ta ɗago kai, ta dubi kawunta, ta dubi magatakarda, sannan uwarta.

"Umma, in haka ne, ni 'yar wa ce?"