Sunan da Aka Kira Sau Biyu

Cherish Dumalagan na kankare gansakuka daga kabarin mahaifinta, a maƙabartar gari ta Bacolod, sai wuƙarta ta zame ta faɗa bayan ginin kabarin. Ranar ziyarar matattu ce, ko'ina kyandir da furanni, iyalai sun baza tabarmi suna cin shinkafa da soyayyen kifi. Ta sunkuya ɗaukowa, sai ta ga wani ɗan ƙaramin kabari da ciyawa ta rufe. Ta share shi da tafin hannu. Sunanta ne a jiki, har da na gidansu.

Mahaifiyarta, Erlinda, na zaune ƙarƙashin lema tana fifita da kwali.

"Mama, wace ce wannan?"

"Ke dai kin cika tone-tone. Zo ki ci abinci."

"Sunana ne fa a kan kabari."

Tsohuwar ta ajiye kwalin. "Yayarki ce. Ba ta ko fara tafiya ba zazzaɓi ya ɗauke ta."

Cherish ta zauna a gefen siminti. Tun tana yarinya take alfahari da sunan nan. A kasuwa, inda take sayar da busasshen kifi, takan gaya wa masu saye cewa kalmar Turanci ce, ma'anarta abin da ake tattali, kuma ita kaɗai aka zaɓa wa.

"A ina kika samo shi?"

"A rediyo na ji, ina da cikinta. Na tambayi wata malamar makaranta, ta ce daga wata tsohuwar kalma ya fito, mai nufin abu mai tsada." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mai tsada. Ga shi ko kai ta asibiti ban yi ba, na ɗauka haƙori ne."

"To ni me ya sa kika ba ni? Sunaye sun ƙare ne?"

Erlinda ta dubi ciyawar.

"Ina so in riƙa kira a amsa."

Cherish ta tashi, ta ɗauke kyandir ɗaya daga na mahaifinta, ta kafa a kan ƙaramin kabarin. Iska ta hana shi kamawa, har ashana ta ƙone mata yatsa.

"Cherish," tsohuwar ta kira a hankali, idonta na ƙasa.

Cherish ba ta san da wa ake ba, ita ko yayarta. Ta jira kaɗan, sannan ta ce, "Na'am, Mama."